Labarin Zuciya A Tambayi Fuska? Hattara Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata Ta Bidiyo

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Magana ce ta hikima, duk wanda ya zauna da mutane kuwa ya san akwai gaskiya a cikinta. Uwa tana duban ɗanta sai ta san ba shi da lafiya tun bai buɗe baki ba. Maigida yana shigowa, uwargida ta gane yadda kasuwa ta kaya. Amma fa mu lura, uwar nan ta yi shekaru tana kallon fuskar ɗanta, haka ma uwargida da fuskar mijinta. Tambayar da muka kawo wa masu karatu a wannan mako ita ce, yaya batun fuskar baƙo, wanda ba mu taɓa gani ba, wanda muke hangensa na minti 20 cikin ɗan akwati a gilashin kwamfuta, alhali kuwa abincinsa da na iyalinsa yana rataye a kan hukuncin da za mu yanke?

Wannan tambaya ta shafe mu ta hanya biyu, 'yan'uwa. Ta farko, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu suke zama gaban waya suna amsa tambayoyin masu ɗaukar aiki. Ta biyu, a cikinmu akwai shugabannin makarantu, da manyan ma'aikatan jinya, da masu kamfanoni, da dattawan da ke zama a kwamitin ɗaukar malamai ko ma'aikatan ɗakin shan magani na ikilisiya. Watau muna daga cikin waɗanda ake dubawa, muna kuma daga cikin masu dubawa.

YADDA AKA ZO NAN

Ganawa da mai neman aiki ta bidiyo, wadda aka fi sani da intabiyu, ba a shekarar 2020 aka fara ta ba, amma a wannan shekara ce ta zama ruwan dare. Annobar korona ta shigo Nijeriya a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, a ƙarshen watan Maris aka rufe Legas da Ogun da Abuja, daga bisani kuma aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ofisoshi suka koma yin aiki daga gida. Kamfanin Zoom ya ba da sanarwa cewa masu shiga taro ta manhajarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu na 2020. Annoba ta wuce, amma wannan al'ada ta zauna daram.

Ba mu ƙi ta ba, domin tana da alheri. Yarinyar da ta gama makarantar koyon aikin jinya tana zaune a Biu ko Zuru, ba sai ta ci bashin kuɗin mota zuwa Legas, ta kwana a tasha, ta bi hanya mai hatsari, saboda ganawar rabin sa'a ba.

Sai dai tare da wannan hanya wata koyarwa ta bazu a littattafan neman aiki da tarurrukan horar da ma'aikata. Ana gaya wa mai yin intabiyu cewa ya sa ido a kan jikin wanda ke gabansa. Wai idan ya kau da ido, yana ɓoye wani abu. Idan ya taɓa hanci, ƙarya yake yi. Idan ya naɗe hannu a ƙirji, mai taurin kai ne. Idan ya jinkirta amsa, bai san aikin ba. Idan bai yi murmushi ba, ba ya ɗokin aikin. Bari mu ɗauki wannan koyarwa mu auna ta.

LISSAFIN 7 DA 38 DA 55

Kusan duk mai wannan koyarwa yakan fara da wani lissafi, wai kashi 7 cikin 100 ne kaɗai na saƙon mutum yake cikin kalmominsa, kashi 38 yana cikin muryarsa, kashi 55 kuma a fuskarsa. In haka ne, ashe me ya sa za mu wahalar da kanmu da sauraro?

Asalin lissafin nan daga wani malami ne mai suna Albert Mehrabian na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis a Amurka, wanda ya yi wasu gwaje-gwaje guda biyu a 1967. Abin da ya yi shi ne, ya sa aka naɗi kalma guda guda a kaset cikin muryoyi iri-iri, ta so da ta ƙi da ta tsaka-tsaki, ya haɗa da hotunan fuska, sa'an nan ya tambayi masu sauraro ko mai maganar yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya sonsa. Iyakar abin ke nan. Ba a yi hira ba, ba a yi bayanin aiki ba, ko jimla ɗaya cikakkiya ba a faɗa ba. Shi kansa malamin ya sha yin gargaɗi cewa lissafinsa ya shafi maganar so da ƙi ne kawai, musamman inda kalma ta saɓa wa murya.

Hankali ma ya ishe mu. Idan muka tambayi mai neman aikin akawu yadda zai daidaita littafin kuɗi, sa'an nan muka kashe lasifika muka tsaya kallon fuskarsa, za mu fahimci rabin amsarsa? Ko kaɗan.

BATUN IDO

Babu abin da ake hukunta mai neman aiki a kansa kamar ido, babu kuma abin da bidiyo ya fi ɓatawa kamarsa. Ga dalili. Kyamara tana can saman kwamfuta ko a gefe ɗaya na waya, fuskar wanda ake magana da shi kuwa tana ƙasa a kan gilashi. Idan yaro ya dubi fuskarmu, mu a wajenmu sai mu ga kamar ƙasa yake kallo. Idan ya dubi kyamara, sai mu ga kamar ya dube mu, alhali a lokacin ba ya ganin fuskarmu sam. Saboda haka haɗa ido na gaskiya ba ya yiwuwa ta wannan hanya. In 'yan kwamiti huɗu ne, kowa a nasa akwati, dole idonsa ya riƙa yawo daga wannan zuwa wancan. Ga kuma hotonsa na kansa a gefe yana jan hankalinsa. Wani malami a Jami'ar Stanford, Jeremy Bailenson, ya rubuta a 2021 cewa ganin kai a gilashi ba hutu, da fuskokin mutane dab da ido, da zama wuri ɗaya ba motsi, suna daga cikin abubuwan da ke gajiyar da mutum a taron bidiyo. Wane ne a cikinmu zai iya amsa tambayoyi masu wuya an riƙe masa madubi a gabansa, bai taɓa gyara wuyan riga ba?

Sai kuma batun tarbiyya. A yawancin gidajenmu na Arewa, ko a Filato ne, ko Kudancin Kaduna, ko Adamawa, ko cikin ƙasar Hausa, yaron da ya zuba wa babba ido yana magana, cewa ake yi yana da tsaurin ido. Mun koya wa 'ya'yanmu, balle 'yan mata, su sunkuyar da kai gaban na gaba da su. Littattafan da ke cewa mai gaskiya yakan dubi mutum ido cikin ido kuwa, yawancinsu a Amurka da Ingila aka rubuta su, inda tarbiyyarsu ta bambanta da tamu. Ashe abin da muka yi shekara 20 muna dasa wa yarinya da sunan ladabi, shi ne wani zai rage mata maki a kansa da sunan rashin gaskiya. Abin baƙin ciki shi ne, wani lokaci mai rage makin ma ɗan gida ne, wanda da 'yarsa ce ta zuba masa ido da ya tsawata mata.

To, shin maƙaryaci yana kau da ido? A 2006 an buga sakamakon wani bincike da aka gudanar a ƙasashe 75 cikin harsuna 43, inda aka tambayi mutane yadda ake gane maƙaryaci. Amsar da ta fi kowace yawa a duniya ita ce kau da ido. Amma da masana suka auna abin da maƙaryata ke yi a zahiri, sai aka tarar ba haka ba ne. Wata malama mai suna Bella DePaulo da abokan aikinta sun tattara bincike masu yawa a 2003, suka duba alamu 158 da ake dangantawa da ƙarya, suka ga kau da ido kusan ba shi da wata alaƙa da ita. Haka nan maganar da ake yi cewa mai ƙarya yakan ɗaga ido sama ta hannun dama, an gwada ta a Birtaniya a 2012, ba a sami gaskiyarta ba.

Har ila yau a 2006, Charles Bond da ita DePaulo sun haɗa sakamakon bincike 206, waɗanda mutum fiye da 24,000 suka shiga. An ba mutanen nan aikin bambanta mai gaskiya da maƙaryaci, suka dace sau 54 cikin 100. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka kuwa zai dace sau 50. Waɗanda sana'arsu ce binciken mutane ma ba su fi sauran jama'a da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, waɗanda suka saurari murya sun fi waɗanda suka kalli hoto kawai dacewa. A wannan fage, ji ne ya kori gani.

Mu tuna kuma, ƙwararren mayaudari ya karanta littattafan nan kamar yadda muka karanta. Shi ne zai zauna tsaf, ya dubi kyamara ba ƙiftawa, ya yi murmushi a kan kari. Mai rawar murya da zufa a goshi sau da yawa shi ne wanda ya yi shekara 3 yana neman aiki, ya kuma san abin da ke jiransa a gida in bai samu ba.

LAIFIN SABIS A KAN MAI NEMAN AIKI

A hira ta yau da kullum, ɗan shirun da ke tsakanin tambaya da amsa gajere ne ƙwarai. Wani bincike na 2009 da ya duba harsuna 10 daga sassan duniya dabam-dabam ya nuna cewa a matsakaici bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sakan ba. Kunnenmu ya saba da wannan, saboda haka da zarar shirun ya ɗan yi tsawo sai zuciya ta fara zargi. A 2014 wasu masana a Jamus sun gwada wannan, suka sa jinkirin sakan 1.2 a layin da mutane ke hira. Masu hirar suka ɗora laifin a kan abokan hirarsu, suka ce ba su mai da hankali ba, ba su kuma da fara'a, alhali kuwa layi ne ya kawo jinkirin.

Haka abin yake game da hoto da murya. A wani gwaji a Amurka a 2018, an nuna wa mutane bidiyon masu neman aiki, wasu hotonsu garau, wasu kuwa hoton yana sarƙewa murya tana yankewa. Waɗanda hotonsu ya fita garau aka fi cewa a ɗauka, ko da yake an gargaɗi masu ba da makin kada su kula da kyan hoto. A 2025 masana a Jami'ar Yale sun nuna cewa makirfo maras kyau, mai sa murya ta fito kamar daga cikin gwangwani, yakan sa a ɗauki mai magana a matsayin wanda bai kai ba wajen basira da cancantar aiki, ko da kalmominsa ba su canja ba. Tun a 2016 ma wani nazari da ya haɗa bincike da dama ya nuna cewa waɗanda aka gana da su ta na'ura sukan sami maki ƙasa da waɗanda aka gana da su ido da ido.

Yanzu mu kawo wannan gida. Wane ne ke da sabis mai ƙarfi, da kwamfuta mai kyakkyawar kyamara, da janareto in an ɗauke wuta? Wane ne kuma zai hau tudu a bayan gari yana neman sabis, da aron waya, yana fargabar kada data ta ƙare kafin a gama? Idan ba mu yi hattara ba, za mu auna aljihun uban yaro, mu rubuta a takarda cewa hazaƙar yaron muka auna.

Ɗakin da mutum yake zaune ma yana shiga lissafi ba da saninmu ba. A Jami'ar Durham ta Ingila a 2023, an nuna wa mutane fuskoki da abubuwa iri-iri a bayansu. Fuskokin da ke da kantar littattafai ko tukwanen shuke-shuke a baya su aka fi ɗauka a matsayin amintattu kuma gwanaye. Yaron da ke zaune a ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar ba shi da kantar littattafai. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta ja mana kunne game da ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye. A zamanin nan kantar littattafai da hasken ɗaki su ne zoben zinariyar.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu masu i'ina, da masu harara-garke, da wanda ɓarin fuskarsa ya shanye, da mai nauyin kunne wanda yake kafa wa leɓɓan mai magana ido domin ya gane abin da ake faɗa. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Janairu na 2019, ta hana a tauye su wajen ɗaukar aiki. Mai auna mutane da motsin fuska zai tauye su ko bai yi niyya ba.

NA'URA MA TA GWADA

Wasu sun ce tun da idon mutum yana kuskure, bari a ba na'ura aikin. Wani kamfani a Amurka mai suna HireVue ya yi shekaru yana sayar da manhajar da ke nazarin fuskar mai neman aiki ta ba shi maki. A watan Nuwamba na 2019 wata ƙungiyar kare sirrin jama'a ta kai ƙararsa gaban hukumar kula da ciniki ta Amurka, a watan Janairu na 2021 kuma kamfanin ya sanar cewa ya daina nazarin fuska. A shekarar 2021 ɗin nan, 'yan jaridar gidan rediyo da talabijin na jihar Bavariya a Jamus sun gwada wata manhaja irin wannan. Suka sa mace ɗaya ta faɗi magana iri ɗaya, sau ɗaya da tabarau, sau ɗaya ta ɗaura kallabi. Makin halinta ya canja. Da aka sa kantar littattafai a bayan mai magana, ko aka ƙara hasken hoto, nan ma makin ya canja.

Tushen matsalar shi ne, fuska ba ta faɗin abu ɗaya a kowane lokaci. A 2019 Lisa Feldman Barrett da wasu manyan masana huɗu sun duba bincike fiye da 1,000 a kan wannan batu. Suka tarar cewa mai fushi yakan murtuke fuska ne a kimanin kashi 30 cikin 100 na lokutan fushinsa, mutane kuma sukan murtuke fuska saboda zurfin tunani ko ciwon ciki ko hasken rana. Tarayyar Turai ta kai ga haramta amfani da na'ura wajen karanta motsin zuciyar mutane a wuraren aiki da makarantu, in ba don lafiya ko tsaro ba, haramcin kuwa ya fara aiki ranar 2 ga Fabrairu, 2025. Abin da na'ura mai ƙirga kowane motsin gira ta kasa, sai mu yi tawali'u kafin mu ce mun iya shi cikin minti 20.

TO, A RUFE IDO KE NAN?

A'a. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba ma yadda za a yi mu hana kanmu gani, domin masana a Jami'ar Princeton sun nuna a 2006 cewa kashi ɗaya cikin goma na sakan ya ishi mutum ya yanke hukunci a zuci ko fuska ta amintacce ce. Abin da ya rage mana shi ne mu san wannan hukunci na farko zato ne, mu hana shi riƙe alƙalami.

Akwai abin da ido da kunne za su iya shaidawa da gaskiya. Ko mutum yana barin mai tambaya ya kai aya, ko kuwa kullum yana katse shi, bayan mun cire abin da jinkirin layi ya jawo. Ko amsarsa ta bi tambayar da aka yi. Yadda ya yi sa'ad da layi ya yanke ko yaro ya shigo ɗaki da kuka, ko ya yi haƙuri ko ya daka tsawa. Waɗannan ayyuka ne da aka yi a gabanmu, ba fassarar gira ba.

Inda tsayuwa gaban mutane take cikin aikin kansa, sai a gwada ta a fili. Mai neman aikin koyarwa a ce ya koyar da darasi na minti 5 kamar yara ne a gabansa. Mai neman aikin jinya a ce ta bayyana wa tsohuwa yadda za ta sha maganinta. A nan murya da fuska da haƙuri sun shiga aikin, kowa kuma an gwada shi a kan abu ɗaya. Amma mai gyaran injin ko mai riƙe sito, me murmushinsa zai ƙara wa aikin?

Maguɗi kuma yana nan, ba mu musa ba. Akwai mai karanta amsa daga wata waya, akwai wanda ake raɗa masa daga gefe, har hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Yuni na 2022 cewa wasu suna amfani da fuska da murya na jabu wajen neman aiki ta bidiyo. Idan muka ga ido yana bin layi daga hagu zuwa dama, ko leɓe bai dace da murya ba, maganin shi ne ƙarin tambaya. A ce masa, "Malam, ba mu misali ɗaya daga aikin da ka yi da hannunka, me ya faru, me ka yi, yaya aka ƙare?" Wanda ya yi aikin zai ba da labari dalla-dalla, mai karantawa kuwa nan zai tsaya. Kafin a ba kowa takardar kama aiki, a ga shi da takardunsa na asali.

ABIN DA YA FI AIKI

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Masu nazarin ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna bin sawun waɗanda aka ɗauka, domin su ga wace hanya ce ta fi nuna wanda zai yi aiki da kyau. A 2022 Paul Sackett na Jami'ar Minesota da abokan aikinsa sun sake nazarin sakamakon shekaru masu yawa, suka tarar intabiyu mai tsari ita ce a kan gaba. A ma'auninsu ta sami 0.42, ita kuwa hirar kara-zube, inda kowa ke tambayar abin da ya zo masa a baki, ta sami 0.19. Watau mai tsari ta ninka ta fiye da sau biyu. Yin ta kuwa ba ya bukatar kuɗi, ko ƙaramin kwamitin makarantar ƙauye zai iya.

Da farko kwamiti ya zauna kafin ranar, ya rubuta abubuwa huɗu ko biyar da aikin ke bukata, ya tsara tambaya a kan kowanne, ya kuma amince da irin amsar da za ta ci maki 1 da wadda za ta ci maki 5. Na biyu, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, cikin lokaci iri ɗaya. Na uku, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, domin in shugaba ya riga ya ce yaron nan bai kwanta masa ba, da wuya ƙaramin ɗan kwamiti ya musa. Na huɗu, duk wanda ya ce hankalinsa bai kwanta da wane ba, a tambaye shi abin da wanen ya faɗa ko ya aikata. In ba shi da amsa sai maganar ido ko zama, a ajiye wannan a gefe. Na biyar, kada a gana da wasu ido da ido, wasu kuma ta bidiyo, sa'an nan a jera makinsu wuri ɗaya. Na shida, a buɗe da kalmar kwantar da hankali, kamar a ce, "Malama, idan sabis ya yanke kada ki damu, za mu sake kira, ba kuwa za a rage miki kome ba." In hoto ya ƙi, a kashe shi a ci gaba da murya.

GA 'YA'YANMU MASU NEMAN AIKI

Ku kuma, kada ku jira sai duniya ta gyaru. Yawancin waɗanda za ku zauna gabansu har yanzu suna auna ido da zama, saboda haka ku shirya. Ku jingina wayar a kan littattafai ko kwali ta zo daidai da idonku, kada ku riƙe ta a hannu. Ku fuskanci taga ko ƙofa domin haske ya sauka a fuskarku, gama in hasken yana bayanku sai ku zama inuwa. Bango fari ko labule mai tsabta ya isa. Sa'ad da kuke magana ku dubi kyamara, sa'ad da kuke sauraro ku dubi gilashi. Wannan ba tsaurin ido ba ne, ladabin wurin ke nan. Ku ɓoye hotonku na kanku in manhajar ta yarda. Ku sa abin saurare na kunne mai makirfo, ku cika batir, ku sayi data isasshiya, ku gwada kome da wani aboki kwana ɗaya kafin ranar, a daidai wurin da za ku zauna.

Idan ba ku ji tambaya ba, kada ku yi kame-kame. Ku ce, "Ranka ya daɗe, murya ta yanke, don Allah a maimaita." Idan za ku duba takarda ko ku rubuta wani abu, ku faɗa, domin kada a yi muku mummunar fassara. Fiye da kome, ku tanadi labarai uku ko huɗu na aikin da kuka taɓa yi da hannunku, ko a bautar ƙasa ne, ko a gona, ko a shagon kawu, ko a zumuntar matasa. Zumuntar matasa ma za ta iya keɓe yamma ɗaya a wata, a roƙi wani dattijo ma'aikaci ya riƙa yi wa matasa intabiyun gwaji ta waya, ya gyara musu.

Labarin nan tsoho ne, 'yan'uwa. A Littafin Sama'ila na Fari sura 16, annabi ya je Baitalami gidan Yesse domin ya zaɓi sarki. Da ya ga Eliyab, da tsayinsa da kwarjininsa, sai ya ɗauka an gama. Aka hana shi. 'Ya'ya bakwai suka wuce ta gabansa, wanda ake nema kuwa yana can jeji wajen tumaki, ba a ma kira shi ba. In annabi da idonsa biyu, ga mutum tsaye a gabansa, ya kusa yi wa rogo kallon kitse, ina ga mu da muke leƙe ta ɗan gilashi da sabis mai yankewa? Zuciya ba a hannunmu take ba. Abin da aka ba mu shi ne mu yi tambaya mai kyau, mu saurara har ƙarshe, mu kuma auna ɗan kowa da mudu ɗaya. Allah ya ba masu nema sa'a, ya ba masu zaɓe adalci. Amin.